Auren Ɗan Izala da 'Yar Ɗariƙa: Darasi Daga Unguwar Gwange

Duk wanda ya san Maiduguri ya san Gwange, unguwa mai yawan jama'a a gefen kogin Ngadda, inda Barebari da Shuwa da Hausawa suka daɗe suna zaune tare. A nan ne zawiyar Shehu Sharif Ibrahim Saleh take, babban malamin Tijjaniyya. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos cikin shekarar 1978, ita ma ta sami magoya baya a wannan unguwa. Saboda haka yau ba abin mamaki ba ne a ga saurayi ɗan Izala ya je neman aure gidan 'yan ɗariƙa.

Ya kamata mai karatu ya sani, a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa suke bi, abin da aure yake bukata shi ne waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu adalai, da siga. Babu inda aka sa sunan ƙungiya cikin waɗannan. Haka kuma sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini, kuma matar aure ba ta fita daga cikin wannan 'yanci ba.

To, amma fa wahalar ba a wurin ɗaurin aure take ba, tana zuwa ne daga baya. Watan Maulidi ya kama, matar tana so ta je gidansu, miji ya ce bidi'a ne. Ko ta zauna jan wuridi bayan sallar Asuba, ya hana ta. Ko surukinsa ya rasu, ya ƙi zuwa sadakar uku. Wannan na ƙarshe ya fi ciwo, domin dangi ba su mantawa da wanda bai zo musu ba ranar baƙin ciki. Sau da yawa ma, a ganinmu, ma'auratan da kansu sun iya zama lafiya, abokai da dangi ne masu zuga su.

Shawararmu ga waliyyai ita ce a tattauna waɗannan al'amura tun kafin a sa rana, har da maganar makarantar da 'ya'ya za su shiga, a gaban dattawan ɓangarorin biyu. Idan kuwa saɓani ya riga ya taso, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da a naɗa mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. A zaɓo masu haƙuri, ba waɗanda aka sani da zafin jayayya ba, kuma a yi haka tun maganar ba ta kai gaban alƙali ba.