Ku Sauko da Siyasar Waya Zuwa Mazaɓa

'Ya'yana, samari da 'yan mata, ba na cikin dattawan da ke cewa wayar hannu ta lalata ku. Na ga abin da kuka yi da ita, kuma na yaba. A watan Mayun 2018 aka sa hannu a dokar da ta rage shekarun tsayawa takara, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ɗan majalisar wakilai da na majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Matasa ne suka matsa wa majalisa lamba, a intanet da kuma a bakin ƙofarta, har aka kai ga haka. A Oktoban 2020 kuma, kukan da aka yi kan zaluncin rundunar SARS ya tashi daga Twitter ya cika tituna, cikin 'yan kwanaki hukuma ta sanar da rushe rundunar. Mu da muka taso muna jiran labaran rediyo da safe da yamma, mun san wannan ba ƙaramar baiwa ba ce.

Amma akwai lissafin da ke hana ni sakin jiki. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, mutum sama da miliyan 93 ne ke cikin rajistar masu zaɓe, kuma kusan kashi 40 cikin 100 matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 34. Waɗanda suka fito suka kaɗa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, wato kusan kashi 27 cikin 100, fitowa mafi ƙaranci tun 1999. Na san akwai uzuri: ƙarancin takardun naira da aka sha a lokacin, wahalar mai, tsoron 'yan bindiga a wasu yankuna, da jinkirin kai kayan zaɓe. Duk da haka, wanda ya leƙa Facebook a makon zaɓen zai rantse babu wanda zai zauna a gida. Hayaniyar ta fi ƙuri'ar yawa nesa ba kusa ba.

Bari in ba ku labarin ƙauyen Bagega, domin a cikinsa nake ganin hanyar da ta dace. A 2010 aka gano cewa gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Masu haƙar zinare suna kawo dutse cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Yara fiye da 400 suka rasu. An share wasu ƙauyukan, aka bar Bagega, kuma likitocin ƙungiyar MSF suka ce ba za a iya yi wa yaran magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, don in an yi magani suka koma cikinta aikin banza ne. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi a 2012, kuɗi ba su fito ba. Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka tashi da shirin da suka kira Follow The Money. Ba daga ɗaki suka yi ta rubutu ba. Sun je garin da ƙafarsu, sun ji daga bakin iyaye, sun ɗauko hotuna, sun san adadin kuɗin da aka yi alkawari da ofishin da suka maƙale, sannan suka baza maganar a intanet tare da wasu ƙungiyoyi. A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka yi aikin sharar, yara suka samu magani.

Ku lura da abin da ya sa wannan kira ya ci. Akwai sunan gari, akwai adadin kuɗi, akwai hukumar da ake tambaya, kuma akwai waɗanda ba su gaji da bibiya ba. Cewa "shugabanni duk ɓarayi ne" ba ya tayar wa kowa hankali, don jifa ce da ba ta da wanda aka nufa. Amma in ka rubuta cewa an sa kuɗin gyaran asibitin mazaɓarku a kasafin bana, ga shafin, ga kuma hoton asibitin babu rufi, ka tambayi kansila da ciyaman da ladabi, to ka sa wani gumi. Kasafin kuɗin tarayya da na jihohi da dama yana intanet. Dokar 'yancin neman bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani. Kuma tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ko an cika wannan umarni ko ba a cika ba, ku ya kamata ku fi kowa sani, don ku ne kuke zaune a wurin.

Akwai wani abu da ke ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye muku ba. Da can 'yan siyasa suna ɗaukar yaran talakawa su ba su ƙwaya da gora, a kira su 'yan banga ko 'yan jagaliya. Yanzu an samu sabon salo: a saya wa yaro mai ilimi data, a riƙa tura masa 'yan kuɗi, ya zama sojan baka, ya kwana yana zagin sa'an ubansa don kare ubangida. Ɗana, ba na raina talaucin da ya kai ka, na san aiki ya yi wuya. Amma ka duba, 'yan siyasar nan da kuke faɗa a kansu suna haɗuwa a ɗaurin auren 'ya'yansu, suna sauya sheƙa su rungumi juna, kai kuma an bar ka da gabar maƙwabcinka da rubutun da ba ya gogewa. Ranar da za ka nemi aiki ko aure ko takara, wani zai tono shi. Ka goyi bayan wanda ka ga dama, haƙƙinka ne, amma kada ka sayar da mutuncinka.

Haka kuma labarin da ya shigo WhatsApp, kada yatsa ya riga hankali. Addininmu ya hore mu da bincike kafin yaɗa magana. Ana ɗauko tsohon hoto daga wata ƙasa a ce jiya aka yi a Jos ko Kaduna, yanzu ma har muryar mutum ana iya ƙirƙira da kwamfuta. A ƙasar da rikicin addini da na ƙabila ya sha cin rayuka, tura irin wannan ba wasa ba ne. Ka tambayi kanka wa ya fara faɗa, yaushe, kuma wa zai amfana in ranka ya ɓaci.

Ban manta da zanga-zangar Agustan 2024 ba. Yunwa gaskiya ce, kuma kuka a kanta halal ne. Amma an kira zanga-zanga a waya ba tare da jagororin da za su tsaya a gaba su tsare layi ba, sai ɓata-gari suka shiga, aka fasa dukiya a Kano, aka rasa rayuka. Bayan wata uku muka ga ƙananan yara a gaban kotu a Abuja, wasu suna faɗuwa don galabaita, kafin a ba da umarnin sakinsu. Laifin tsare su haka yana wuyan hukuma. Sai dai wanda zai kira jama'a titi, ya kamata ya fara tanadar wanda zai jagorance su da lauyan da zai tsaya musu, don ƙananan ne kullum ke kwana a ciki.

Kakanninku sun yi siyasa da ƙuruciya su ma. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a Agustan 1950, Malam Aminu Kano yana da shekara 30, Hajiya Gambo Sawaba kuwa ta shiga gwagwarmaya tun ba ta cika 20 ba, aka ɗaure ta fiye da sau goma, a zamanin da matan Arewa ba su da ikon ƙuri'a. Abin da suka fi mu shi ne tsari: reshe a unguwa, reshe a ƙauye, kowa ya san ɗan'uwansa da fuska. 'Ya'yana mata, ku riƙe misalin Gambo Sawaba, kada a mayar da ku masu guɗa da karɓar atamfa da taliya kawai.

Ƙofar da kuka fi sakaci da ita ita ce ta jam'iyya. A zaɓen fid da gwani na 2022, daliget da ba su kai 800 ba ne suka zaɓi ɗan takarar shugaban ƙasa na PDP, dubu biyu da 'yan ɗaruruwa kuma na APC, fom ɗin takarar ma naira miliyan 40 a ɗaya, miliyan 100 a ɗayar. Kafin ku isa rumfar zaɓe an riga an dafa abin da za a zuba muku. Shugabannin jam'iyya kuwa daga mazaɓa suke tasowa, a tarukan da sau da yawa ba a cika benci. Ku yanki katin jam'iyyar da ta kwanta muku, ku halarci taron, ku nemi sakatare ko shugaban matasa, mai hali ya nemi kansila. Wanda ba ya son jam'iyya ya shiga ƙungiyar sa ido, ko ta ci gaban unguwa. Ranar zaɓe kuma ku fito da katinku, ku tsaya har a ƙirga, ku ɗauki hoton takardar sakamakon da aka manna a rumfarku, ku gwada ta da wadda hukumar zaɓe ta ɗora a shafinta. Rumfunan zaɓe sun haura 176,000 a ƙasar nan, kuma kowace tana buƙatar matashi ɗaya mai waya da haƙurin tsayawa har dare.

Allah ya yi muku albarka, ya kare ku.