Darasi: Zafin Bazara a Ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum

Darasinmu na wannan wata a kan zafin bazara yake. Duk wanda ya tashi a ƙasar Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya san cewa da zarar hunturu ya janye sai rana ta buɗe, ta yi ta ƙaruwa har watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 da tsakar rana. Iyayenmu da kakanninmu sun rayu da wannan zafi. Abin da muke so mu fahimta shi ne, bazarar yau ta fi ta zamaninsu tsanani, har tana iya kashe mutum a cikin ɗakinsa ba tare da maƙwabta sun ankara ba.

Bambancin shekaru da ɗumamar duniya

Abubuwa biyu ne suke tafiya tare, kuma ya kyautu mu rarrabe su. Na farko, tun asali shekaru ba sa zuwa iri ɗaya a wannan yanki. Iska mai laima da ke tasowa daga tekun Atlantika ita ce take kawo mana damina. In ta iso da wuri bazara ta gajarta, in ta yi jinkiri zafi ya daɗe. Dattawanmu suna tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da hatsi ya ƙone a gona, dabbobi suka yi ta mutuwa. Daga baya ruwa ya ɗan dawo, sai dai yakan zubo da ƙarfi a lokaci guda. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Mutanen Gummi sun ga irin wannan a watan Agusta na 2024, da ambaliya ta rushe gidaje ta cinye gonaki.

Na biyu, duniya baki ɗaya tana ƙara ɗumi. Hayaƙin man fetur da kwal da gas yana taruwa a sararin sama yana riƙe zafin rana, sare itatuwa kuma yana ƙara wa abin muni. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta sanar cewa a 2024 zafin duniya ya ɗara na zamanin kafin masana'antu da kimanin digiri ɗaya da rabi. Saboda haka ko shekarar da muke kira mai sauƙi tana farawa ne daga mataki mafi zafi fiye da na da, mai tsanani kuwa sai ta wuce abin da jiki ya saba.

Abin da ya faru a 2024

A ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 2024, a daidai makon Ista, maƙwabtanmu Musulmi kuma suna azumin Ramadan, wani matsanancin zafi ya rufe yankin Sahel. A ranar 3 ga Afrilu ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗu na farkon Afrilu, alhali a dukan watan Afrilu na 2023 mutum 130 ya ƙirga. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne. Masanan da suka bincika sun ce da ba don ɗumamar da mutane suka jawo ba, da zafin bai kai haka ba, sun kuma lura cewa dare ma bai yi sanyi ba. Mali tana da nisa da mu, amma bazararsu irin tamu ce.

Yadda zafi yake cutar da jiki

Jikin mutum yana zaune ne a kusan digiri 37, kuma da gumi yake sanyaya kansa. In ruwan jiki ya ƙare, ko laima ta yi yawa kamar yadda takan yi gab da faɗuwar damina, gumi ba ya bushewa, zafi sai ya taru a ciki. Da dare ne jiki yake hutawa, amma ɗakin kwano yakan riƙe zafi har asuba. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne tsofaffi, jarirai, mata masu ciki, masu hawan jini ko ciwon ƙoda, masu sharar gona da masu haƙar ma'adinai, da kuma waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu suke cunkushe a matsugunai. Mu tuna kuma cewa lokacin zafi da ƙura ne sanƙarau yakan ɓarke, kamar yadda Jihar Zamfara ta sha fama da shi a 2017.

Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya da fitsari mai duhu. In mutum ya fara sambatu, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko ya suma, to rai ne a hannu. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Abin da ya rataya a wuyanmu

1. Mu sha ruwa tun ƙishirwa ba ta kama mu ba, mu mayar da aiki mai nauyi zuwa sassafe ko yamma.

2. Kowane gida ya san haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

3. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa su raba unguwanni, su riƙa leƙa tsofaffi da marasa lafiya safe da yamma, ba tare da tambayar addini ko ƙabila ba.

4. Mu bar itatuwa su rayu. A yankin Maradi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka daina tone kututture, suna barin tsiron gawo da sauran itatuwa su girma a gona, har miliyoyin kadada suka sake yin inuwa. Wannan ba ya bukatar kuɗi, sai wuƙa da haƙuri. Marigayi Paparoma Francis, a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya tunatar da mu cewa lalacewar muhalli talaka take fara ci.

Tambayoyin tattaunawa

1. Su wane ne a unguwarmu suke kwana su kaɗai a ɗakin kwano, kuma wa zai riƙa duba su a bazara mai zuwa?

2. Itatuwa nawa ne a gonarmu da ƙofar gidanmu yau, nawa ne kuma a lokacin ƙuruciyarmu?