Wasan Ka Saya, ko Izinin Buga Shi?

Ranar 11 ga Fabrairun 2025 kamfanonin Firaxis da 2K suka fitar da Civilization VII, wasan dabarun mulki wanda mutum ke kafa gari, ya yi noma da fatauci da yaƙi, tun daga zamanin da har zuwa zamanin jirage. Ga Bahaushe akwai abin jan hankali na musamman, domin Sarauniya Amina ta Zazzau tana cikin shugabannin da ake zaɓa, daular Songhai ma tana ciki. Fitowarsa ke da wuya ƙorafi ya cika dandalin sayar da wasanni na Steam. Irin wannan ƙorafin ne mu masu gyaran kwamfuta da ɗora manhaja a nan Demsawo, Jimeta, muke ji a kan duk wani sabon wasa, kuma kullum da jimla ɗaya yake ƙarewa: "Ai kuɗina na biya." Jimlar tana da gaskiya a cikinta, sai dai ana haɗa ƙorafi iri biyu a ƙarƙashinta, kuma raba su shi ne zai hana mutum asara.

Iri na farko na ɗanɗano ne. An raba wasan zuwa zamani uku, kuma a lokacin da ya fito ana tilasta wa mai wasa ya sauya daula duk lokacin da zamani ya juya, wasu suka ce ba haka suka saba ba a Civilization VI. Suna da damar faɗin ra'ayinsu, amma kuɗin da suka biya bai ba su ikon tsara wa masu ƙira yadda wasa zai kasance ba. Wanda ya ɗinka riga wurin tela shi ke faɗin yadda yake so. Wanda ya ɗauki ɗinkakkiya a kasuwa kuwa, dubawa yake kafin ya biya.

Iri na biyu shi ne mai nauyi, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Abin da ake biya a Steam lasisi ne, wato izinin amfani bisa sharuɗɗan da mai wasan ya gindaya, ba mallaka irin ta faifan da ka ajiye a durowa ba. Doguwar takardar nan da ke fitowa yayin ɗora wasa, wadda kowa ke danna amincewa ba tare da ya karanta layi ɗaya ba, ita ce yarjejeniyar. Har sai da jihar Kalifoniya a Amurka ta yi doka a 2024 da ta wajabta wa masu sayarwa su bayyana cewa lasisi ne, Steam kuma ya fara rubuta hakan a wurin biya. Wanda ke ganin magana ce ta fatar baki, ya dubi The Crew na kamfanin Ubisoft: wasan ya fito a 2014, aka kashe na'urorin da yake dogaro da su a ƙarshen Maris na 2024, waɗanda suka biya kuɗinsu suka wayi gari ba abin bugawa. Daga nan wani mai suna Ross Scott ya fara gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, wanda ya tara sa hannun mutum fiye da miliyan 1 a Tarayyar Turai a 2025. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Civilization VII na Windows kuma ya fito ɗauke da makullin hana satar fasaha mai suna Denuvo, wanda ke neman intanet don tantance lasisi, kuma ba ya yarda a kunna wasan a kwamfutoci fiye da biyar cikin awa 24. A ƙasar da intanet ba ya yankewa wannan ƙaramin abu ne. A Jimeta, inda mutum ke lissafin data yana kuma jiran a kawo wuta, wasan da za ka buga kai kaɗai ya ce sai ya gaisa da uwar gijiyarsa tukuna, abin haushi ne na gaske. Farashinsa lokacin da ya fito dala 70, wanda a canjin lokacin ya haura naira dubu 100, alhali mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira dubu 70 ne.

Za a ce to tunda haka ne, a ɗora na kirak mana, wato wanda aka fasa makullinsa, kamfanin ba zai talauce ba. Na yarda makullin ya fi takura wa mai biya fiye da ɓarawo, kuma wannan aibi ne babba. Amma ku lura da umarnin farko da ke zuwa da kowane wasan kirak da ake yawo da shi a filash: ka kashe manhajar kariya kafin ka ɗora. Ka buɗe wa wanda ba ka sani ba ƙofa ke nan, a kan laftof ɗin da ke ɗauke da imel ɗinka, kalmomin sirrin banki da aikin kammala karatunka. Alamar da muke gani a teburin gyara ba ta sauyawa: fanka na ihu ba a buɗe komai ba, batir na zuƙewa, data na ƙarewa cikin dare. Sannan Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta haramta fasa irin waɗannan makullai, don haka mai shagon da ke ɗorawa da kuɗi shi ma yana cikin hatsari.

Ƙorafin lasisi kafin biya yake da amfani. A shafin kowane wasa a Steam ana rubuta ko yana da makullin wani kamfani, da ko sai an buɗe wani asusu daban. A karanta wannan kafin a duba hotuna. Steam yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 ba kuma ba a buga fiye da awa biyu ba. Awa biyu ta yi kaɗan ga wasan da zagaye ɗaya ke cin kwanaki, saboda haka a kashe ta wajen gwajin da ya dace: a cire intanet a ga ko zai tashi, a ga ko laftof ɗin zai ɗauka ba tare da ya yi zafi ba. Wanda kuma yake son wasan da zai ajiye a filash ya ɗora ko babu intanet, shagon GOG yana sayar da wasanni marasa makulli, har da tsofaffin wasannin dabaru masu sauƙin kuɗi da ƙaramar kwamfuta ke iya ɗauka.