Na'urar Auna Totur a Babur: Yadda Ake Gane Lalacewarta da Sauya Ta

Jama'a da yawa sun saba da babur mai kafireta. Amma akwai babura na zamani waɗanda kwamfutar inji ce ke auna musu mai. Irin waɗannan suna da wata 'yar na'ura a jikin maƙogwaron totur, wadda makanikai ke kira TPS. Aikinta shi ne sanar da kwamfuta gwargwadon yadda mahayi ya murɗa totur, domin ta ba inji man da ya dace.

A yawancin babura, cikin na'urar akwai wani ɗan harshe da ke gogar layin gawayi. Yau da gobe layin yakan cinye, musamman a daidai inda aka fi riƙe totur. Daga nan sai kwamfuta ta riƙa samun labarin ƙarya.

Alamomin lalacewa

Babur yakan riƙa fizga, ko ya yi nauyin tashi idan an ba shi wuta. Yakan mutu a tsaye, ya sha mai fiye da kima, fitilar gargaɗi kuma ta kama. Kada a raina wannan. Babur ɗin da ya shaƙe sa'ad da mahayi ke ƙoƙarin wuce tirela yana iya jawo asarar rai.

Sai dai a lura, fulogi marar kyau da matatar iska mai datti su ma sukan kawo irin waɗannan alamomi. Saboda haka a gwada kafin a sayi sabuwa.

Yadda ake gwaji

1. A duba soket ɗin na'urar ko ya yi tsatsa, ko ruwa ya shiga, ko waya ta tsinke.
2. A buɗe makulli, amma kada a tada inji.
3. Na'urar takan zo da waya uku: mai kawo wuta, ta ƙasa, da mai kai saƙo. A sa mita a kan ta farko. Ya kamata ta nuna bolt 5.
4. A koma kan wayar saƙo, soket yana haɗe. Totur na rufe, takan nuna kimanin rabin bolt. In an murɗa shi gaba ɗaya, wajen bolt 4 zuwa 4.5. Ainihin adadin yana cikin littafin babur ɗin.
5. A murɗa totur sannu a hankali. In lambar ta hau ba tangarɗa, na'ura lafiya take. In ta yi tsalle ko ta faɗi a wani wuri, ta lalace.

Yadda ake sauyawa

A kashe makulli, a cire wayar batir mai alamar ɗebewa. A yi wa mazaunin tsohuwar na'ura shaida kafin a kwance ta. A sa sabuwa mai lamba iri ɗaya, a tabbata bakinta ya shiga sandar totur ba tare da tilasta ba. A mayar da batir, a daidaita ta da mita, sannan a ɗaure. Wasu babura sai an saita su da na'urar bincike, wasu kuma sai an sauya maƙogwaron ɗungurungum. Waɗannan a kai su wurin ƙwararren makanike.

Daga ƙarshe, idan ana wanke babur, a guji fesa ruwa mai ƙarfi a kan soket. Gwajin nan ba ya cin lokaci, kuma yakan tsare wa mutum aljihunsa da lafiyarsa.