Ƙofar Gida: Ado da Kayan Miya a Wuri Ɗaya

Jama'a, mu dubi filin da ke gaban gidajenmu. A wasu gidajen ba abin da ke wurin sai ƙura da ledoji. A gidajen masu hali kuma an shuka furanni ana ɗura musu ruwa safe da yamma, alhali ko ƙullin alayyafo ɗaya uwargida take so sai an aiki yaro kasuwa. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa fili ɗaya yana iya ɗaukar ado da kayan miya gaba ɗaya.

Kiran ba sabo ba ne. Tun 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka roƙi kowa ya noma wani abu ko da a gefen gidansa ne. Abin da ke sa mutane ja da baya shi ne ana ganin kayan lambu ba su da kyan gani, wurinsu bayan gida. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa gaban kuɓewa da hantsi ba. Furenta ruwan ɗorawa ne mai haske, tsakiyarsa ja wur kamar an ɗiga masa jini. Yakuwa ma haka, da jan karanta da zoɓon da take ba mu. Ita da kuɓewa da rama dangi ɗaya ne da wata fulawa mai jan fure da ake saye da kuɗi a bakin titi.

Ga yadda za a tsara. A zaɓi inda rana ke samu kamar awa 6 a yini. Dogaye su tsaya jikin bango, wato zogale da kuɓewa da yakuwa, don kada su yi wa na ƙasa inuwa. Tattasai da attaruhu da tumatir su biyo a tsakiya. A bakin hanyar shiga kuwa a jera alayyafo da ɗaɗɗoya, latas da karas kuma a bari sai hunturu. Alayyafo ba ya ɓata lokaci, cikin wata ɗaya ko ɗaya da rabi an fara tsinka. Wanda aka daɓe masa ƙofar gida da siminti ya cika buhu ko tsohon bokiti da ƙasa, ya huda gindin.

A cusa furanni a tsakani, kuma kada a ɗauka kwalliya kaɗai suke yi. Kabewa tana da fure namiji daban, mace daban, in ƙudan zuma bai yi zirga-zirga tsakaninsu ba sai ɗan ya yi yaushi ya faɗi tun yana ƙarami. Furanni ne ke kiran ƙudan. Akwai kuma marigol, 'yar gajeriyar fulawa mai launin lemo, wadda saiwarta ke rage ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwar tumatir ta yi ƙulu-ƙulu. Lalle shi ma a ba shi wuri: shinge ne, furensa na ƙamshi da daddare, ganyensa kuwa mata sun san aikinsa.

A kula, ba kowane fure ake kawowa kusa da abinci ba. Zaƙami yana da farin fure mai kama da kakaki, amma ba a banza ake ce masa haukata-yaro ba. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu ma guba ne. Inda yara ke wasa a nesanta su.

Babbar abokiyar gaba dai akuya ce. Kafin a sa iri a ƙasa a fara kafa shinge, ko na kara ko na waya, in ba haka ba aikin wata guda zai tafi kafin azahar, a ƙare da faɗa da maƙwabci. Taki ya zama wanda ya ruɓe, ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi. Ruwan alwala da na wanke shinkafa a tara su a ba shuka da yamma, amma ban da ruwan kwata da na sabulun wanki. In kwari suka taso a jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, a tace a yayyafa. Kuma tunda ƙofar gida ba ta rabuwa da ƙurar hanya, duk ganyen da aka tsinko a wanke shi sosai kafin ya shiga tukunya.