Hukuncin Ajiye Kare a Gidan Musulmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da Alayensa da Sahabbansa.

Bayan haka, kare ba baƙo ba ne a ƙasar Zamfara. Mafarautan Zurmi da Shinkafi sun daɗe suna shiga daji da shi, Fulanin da ke kora shanu zuwa Kasuwar Daji kuwa ba su rasa shi a bayan garke. Amma tun wajen 2011, da satar shanu da harin 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, tsaron gida ya zama abin damuwa ga kowane magidanci. A birane kuma wasu na sayen karnukan Turai don ƙawa, har da wani mai faffaɗar fuska da ake kira buldog. To, me Shari'a ta ce?

Asalin hukuncin yana cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya nuna cewa mai riƙon kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana tauye masa lada kowace rana, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata. Akwai kuma hadisin da ya nuna cewa Mala'iku ba su shiga ɗakin da kare yake ciki. A kan wannan Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya gina maganarsa cikin Risala. Ya hana riƙon kare a gidaje, ko a birni ko a ƙauye, sai don gona, ko don rakiyar dabbobi zuwa kiwo, ko don farautar neman abinci, ba ta wasa ba. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida kuwa ta halatta abin da horarren kare ya kamo, idan an ambaci sunan Allah.

Saura tsaron gida, wanda shi ne ya fi damun mutanen Ƙauran Namoda da maƙwabtansu. Masu sharhin Risala sun kawo labari cewa katangar gidan Ibnu Abi Zaidin ta taɓa faɗuwa a lokacin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi wannan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki zai ajiye. Haka kuma Ibnu Abdil Barri ya tafi a kan halaccin riƙon kare don jawo amfani ko tunkuɗe cuta. Saboda haka wanda ke bakin daji, yana tsoron ɓarayi ga iyalinsa da dabbobinsa, babu laifi a kansa, muddin ya yi wa karen wuri a zaure ko kusa da garke, nesa da ɗakin kwana da wurin salla.

Game da tsarki, a mazhabar Malikiyya kowane mai rai tsarkakke ne, har da yawunsa. Idan kare ya yi lallagi a ƙwaryar ruwa, ana so a zubar da ruwan, a wanke ta sau 7, don bin umurni kawai. Shafi'awa su ne suka ce najasa ne, a wanke sau 7, ɗaya da ƙasa. Cinikin kare kuwa Risala ta hana, amma malamai sun saɓa a kan wanda aka yi izinin riƙonsa, Sahnunu ya halatta sayar da shi. Wanda ya kashe irin wannan kare, biyan ƙimarsa ya hau kansa.

Shi buldog asalinsa daga Ingila ne, inda aka yi ta kiwonsa don a haɗa shi faɗa da bijimai, har aka haramta wasan a 1835. Gajeren hancinsa yana wahalar da shi wajen numfashi, ba ya jure zafi, ba ya iya dogon gudu, mafi yawan 'ya'yansa ma sai an yi wa uwar fiɗa ake fito da su. Ke nan ba ya farauta, ba ya bin garke, zafin bazarar Zamfara kuwa yakan haura digiri 40. Mai sayensa don ƙawa ya haɗa abu uku: tauyewar lada, da ɓarnar dukiya, da azabtar da dabba.

Wanda lalura ta sa ya riƙi kare, lalle ya san amana ya ɗauka. Ci da sha da inuwa wajibi ne a kansa. Hadisi ingantacce ya ba da labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa domin ya ɗebo ruwan rijiya da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Iyaye su hana yara jifan karnuka, wannan zalunci ne. Haƙƙin maƙwabci kuma ya sa dole a ɗaure mai cizo, a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare, irin wadda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a garzaya da shi asibiti a ranar, domin idan alamun cutar suka bayyana da wuya ƙwarai a tsira.

Magidanci ya tambayi kansa kafin ya kawo kare gida: buƙata ce ko sha'awa? Idan buƙata ce, Shari'a ta yalwata masa, ta kuma ɗora masa haƙƙi. Allah Shi ne Masani. Allah Ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, amin.