Darasi na 9: Bakwaini da Gwajin Zuciya

Manufa: mu gane alamun wahalar zuciya a jikin bakwaini, mu kuma shirya yadda asusunmu zai kai shi asibiti da wuri.

Bakwaini shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin jarirai goma haka suke zuwa.

Me ke faruwa a zuciyarsa?

Lokacin da jariri ke ciki, huhunsa bai fara aiki ba. Akwai wata 'yar jijiya kusa da zuciya da ke kauce wa huhu da jini. Bayan haihuwa takan rufe da kanta cikin kwana biyu zuwa uku. To, a bakwaini sau da yawa takan tsaya a buɗe, jini ya yi wa huhu yawa, zuciya ta yi ta wahala.

Gwajin jini

In zuciya ta wahala, wani sinadari da likitoci ke kira BNP yakan ƙaru a jini. Jinin da ake ɗiba a auna bai kai cokalin shayi ba, don haka kada ku ji tsoro. In ya hau, sai a ɗauki hoton zuciya, shi ke tabbatarwa. Akwai magani, amma likita ne kaɗai zai ba da shi.

Alamun gaggawa

1. Numfashi da sauri, haƙarƙari na lotsawa.
2. Gajiya wajen shan nono, ko ƙin kamawa.
3. Leɓe ko harshe ya yi shuɗi.

Kada a jira suna, kada a kira wanzami, kada a ɗura jiƙo. Ki ɗora shi a ƙirjinki, jiki da jiki, ki rufe shi, ku nufi Babban Asibitin Jibiya. In an tura ku Katsina, Asibitin Turai 'Yar'aduwa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ku tafi ranar.

Aikin ƙungiya

Kun san tafiyar dare a hanyarmu ba ta da tabbas, kuma neman rance kan cinye yini. Ku tattauna:

1. Nawa ne kuɗin mota daga ƙauyenku ko daga Magama zuwa Katsina?
2. Nawa za mu ware a asusun taimako don masu ciki?
3. Wane direba za a kira, wa zai sanar da maigida?

Sakatariya ta rubuta abin da aka yanke kafin a tashi.